Dutsen da Bai Yi Kama da Dutse Ba

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a ƙofar gidana, wani jami'in hukuma ya ɗauki dutse, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ɗaga shi ya haska da rana kamar mai sayen ƙwai, sannan ya miƙo min ya ce, "Malam, wannan bai yi kama da dutse ba. A sake shi."

Na karɓa da hannu bibbiyu na ce, "An gama, ranka ya daɗe." To me zan ce? Ni tattalin arziki na karanta a jami'a, ban karanta duwatsu ba. Abin da na sani shi ne, a duk duwatsun da ke gabanmu a ranar, wannan ne kaɗai buroshina bai taɓa ba, yana nan yadda Mahaliccinsa ya yi shi. Amma idan hukuma ta duba dutse ta ce bai iya zama dutse ba, wa ya aike ni in tsaya masa?

Bari in koma da ku baya, kada ku ɗauka hawan jinin ne ya fara taɓa min kai.

Shi hawan jinin dai da hannunsa a ciki. Bara likita ya ɗaure min damtse da abin awonsa, ya dubi lambar, ya dube ni, ya ce, "Me kake yi idan ka tashi daga aiki?" Na ce ina sauraren labarai. Ya ce da safe fa? Na ce labarai. Ya ce, "To ka nemo abin da za ka riƙa yi da hannunka, wanda babu wani mai girma a cikinsa." Na gwada shuka furanni, sai na tuna furanni ruwa suke sha, famfonmu kuwa ya daɗe da yin ritaya. Na kawo maganar kiwon kifi, uwargida ta ce in fara tambayar kifin ko ya iya zama a busasshiyar roba. Daga ƙarshe 'yata ce ta nuna min a waya yadda mutanen wasu ƙasashe, waɗanda matsalolinsu suka ƙare, ke zama suna yi wa duwatsu zane.

A shagon kayan makaranta na tarar fentin iri biyu ne. Akwai na masu zane na gaske, a cikin bututu kamar man goge baki, wanda idan ka ji kuɗinsa sai ka koma wurin likita. Akwai kuma na irinmu, a 'yan ƙananan robobi, an jera su kamar maganin yara. Akirilik ake ce masa. Da ruwa ake sirka shi, kuma kafin ka gama sosa kunne ya bushe. Na talakan na saya, kuma ina shaida muku yana aiki, in dai ka san halinsa. Ba ya rufe komai a shafa ɗaya. Sai ka fara shimfiɗa fari, ya bushe, sannan ka bi da launin da kake so, ka sake bi. Idan aka yi sallama ka tashi ba ka tsoma buroshi a ruwa ba, sai ka dawo ka tarar da tsinke. Yana kuma da wata ɗabi'a da na san na taɓa gani a wani wuri: yana ɗanye launinsa na ɗaukar ido, yana bushewa sai ya dusashe. Duk wanda ya taɓa jin alkawari a bakin mai neman ƙuri'a ya san wannan fenti.

Maganin dusashewar shi ne banish, ruwan nan mai sheƙi da kafintoci ke shafa wa kujera. Akwai na feshi, akwai na buroshi. Na feshin na fara gwadawa a falo, uwargida ta kore mu waje ni da gwangwanin. Shi banish ba ya son gaggawa. Ka shafa shi kafin fenti ya bushe sarai, kifinka ya koma kamar ana kallonsa ta cikin madara. Amma idan ka bari ya kwana, ka shafa kaɗan-kaɗan, to ruwan sama da rana sai dai su gaishe shi su wuce. Akwai kuma abu ɗaya da na koya bayan asarar fenti mai yawa, ku riƙe shi don zai yi mana amfani a gaba: sabon fenti ba ya kama jikin banish sai an goge sheƙin da samfefa. In ba haka ba zaman baƙo zai yi, ruwa na taɓa shi ya saɓule.

Duwatsu kuwa ban saya ba, hukuma ce ta kawo min har ƙofar gida. Gab da zaɓen da ya wuce, Mai Girma Uban Ayyuka, Inuwar Marasa Inuwa, wanda hannunsa bai taɓa gajiya da aza harsashi ba, ya tuna da layinmu. Aka zo da motar haƙa, aka tsaga mana rami daga bakin titi har ƙarshen layi, wai magudanar ruwa. Tifa ta juye duwatsu a gefe. Aka tafa, aka yi zaɓe, kowa ya kama gabansa. Duwatsun ma ba irin fasassun nan na gini ba ne, mulmulallu ne na bakin kogi, masu santsi kamar sabulu, waɗanda siminti ba ya riƙewa. Wajen gini ba su da amfani. Wajen zane kuwa, ko ni na ba da odarsu sai haka. Tsibin ya zauna har ya zama adireshi, ƙadangaru suka hayayyafa a ciki, ramin kuma muka ɗora masa katako muna ƙetarawa.

A ƙetaren ramin nan akwai rumfar Baba Mai Niƙa, dattijon da gidansa ke jikin nawa. Injinsa ya girmi wasu daga cikin matan da ke kawo masa niƙa, kuma ba da ido yake sarrafa shi ba, da kunne ne da tafin hannu. Gara ma da haka, don yanar ido ta kama shi. Duniya duk ta koma masa hayaƙi, ƙasa da katako da rami launinsu ɗaya. Wata safiya ya taka inda yake zaton katako ne. Hannu ya karye. 'Yarsa ta taso daga gidan mijinta ta tsaya a kansa, ta ce wannan ne na ƙarshe: ya sake faɗawa, ko ma ta ji an ce riƙe shi ake ana ƙetar da shi, za ta sayar da injin ta ɗauke shi ya koma wurinta.

"Ta ce akwai babban talabijin," in ji Baba, ranar da ya shigo wurina da hannu a rataye. "Ɗan boko, ka ji fa. Talabijin. Ni da ba na ganin rami."

Yana laluben wurin zama sai ya tsaya cak, ya nuna ƙasa da sandarsa. "Mene ne wancan mai ruwan ƙwai?"

"Kifi ne, Baba."

"Kifi? To kifin mummuna ne, amma na gan shi."

A ranar muka jera duwatsun da na zana a bakin ramin, ja da rawaya da ruwan lemo, gefe da gefe, manyan kuma a bakin katakon. Akwai kifaye, akwai ƙwari masu ɗigo-ɗigo, akwai kunkuru, akwai wani abu da ni zakara na yi nufi amma mutanen layi suka yanke hukuncin jirgin sama ne. Damina ta zo ta wuce a kansu, ko gezau. Baba yana fita shi kaɗai, daga wannan kifi zuwa wancan, har ya iske injinsa. Hawan jinina ya sauka. Na dai san abin ba zai ɗore ba, don ba a barin talaka ya daɗe cikin kwanciyar hankali ba a turo wani ya binciki dalili ba.

Makon jiya sai ga jami'in nan da na fara ba ku labarinsa. Ya sauko daga mota da farin takalmi, a layinmu, da farkon damina, abin da ya nuna min mutum ne mai imani da rahotannin ofishinsu. Ya ce daga Sashen Kula da Kayan Ayyukan da Ake Shirin Farawa yake, kuma Mai Girma zai zo duba aiki ranar Laraba, kasancewar an fara jin ƙamshin wani zaɓen.

"Wa ya taɓa duwatsun hukuma?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Aro na yi, ga su nan ba su bar layin ba."

"A tsibi aka kawo su, launin dutse. Yanzu ga su a warwatse, launin... mene ne wannan?"

"Zakara ne."

"Jirgi ne," in ji uwargida daga bakin ƙofa.

Na yi masa bayanin Baba, da hannun da ya karye, da 'yar da ke jiran dalili. Ya saurara da kyau, har da gyaɗa kai, sannan ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Amma rami ba na sashenmu ba ne. Mu duwatsu ne." Na tambaye shi ina sashen ramuka yake, ya ce ana shirin kafa shi. Umarni dai shi ne kowane dutse ya koma tsibi a kamanninsa na asali, kuma kada a ajiye komai a bakin ramin, ko bulo ko gwangwani, don wurin aiki ne, sai an kammala.

Muka kawo bokiti da sabulu da soson ƙarfe. Na dirza, uwargida ta dirza, shi ma Mai Farin Takalmi ya naɗe hannun riga ya dirza. Kifin nan sai ƙara sheƙi yake yana kallonmu. Ban taɓa alfahari da kayan araha kamar ranar ba. A duk layin nan abu ɗaya ne tak aka yi ya ƙi lalacewa, shi kuma hukuma ta zo cirewa.

Ya share gumi, ya yi tunani irin na manya. "To a yi musu fenti launin dutse."

"Za a iya, ranka ya daɗe. Sai dai sai na goge su da samfefa tukuna, in na gama kuma in bi da banish."

"Samfefa? Ka rage wa dutsen hukuma nauyi? Banish kuma, ba shi ne ya jawo mana wannan duka ba? Kada in ji, kada in gani."

"Ranka ya daɗe, kunnena ba shi da kyau sosai. Ba samfefa?"

"Babu."

"Ba banish?"

"Na ce babu!"

Na juya na ce wa uwargida, "Kin dai ji." Ta ce, "Har maƙwabta sun ji, Malam." Ta san ni shekara da shekaru. Ta dubi fuskata sau ɗaya, ta shige ciki tana toshe baki.

Haka na ɗauki hutu a wurin aiki, ni da digirina, na zauna a benci ina yi wa duwatsu fenti don su zama duwatsu. Baƙi da fari, da ɗan ɗigon ruwan ƙasa. Na kuma sirka fentin da ruwa sirki na mutunci, don na gaya muku tattali na karanta. Launin ma sai da muka yi zama a kansa. Na farko ya ce ya yi duhu, zai sa a ga kamar aikin ya daɗe a yashe. Na biyu ya yi haske, kamar ba a kashe kuɗi ba. Muka daidaita a kan wani toka-toka mai nuna ci gaba.

Dariyar ba ta kai gidan Baba ba. A kwanakin nan uwargida ce ke fita da sassafe da roba a hannu kamar za ta kai niƙa, ta kama bakin sandarsa ta ƙetar da shi, suna yi kamar hira ce ta haɗa su. Amma layi ba ya riƙe magana. 'Yar ta ji, ta bugo waya ta ce ranar Alhamis za ta zo da mai sayen injin. Baba ya zo ya zauna kusa da ni yana sauraren buroshi.

"Ɗan boko, wanne kake binnewa yanzu?"

"Kifin nan na farko, Baba."

"Mummunan?"

"Shi."

Can ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ya yi min rana."

Shirina dai a hannun hadari yake, kuma ko ruwan ya sauko, kifin a cikin tsibi zai fito, ba a bakin rami ba. Rabin dabara ce kawai a hannuna. Ban san Mai Girma da kansa ne zai kawo min ɗaya rabin ba.

Ranar Talata Mai Farin Takalmi ya zo karɓar aiki. Na cusa dutsen nan na asali a cikin jerin don in auna ilimi, kun kuma ji sakamakon. Sauran duk suka ci jarrabawa, aka mayar da su tsibi.

Ranar Laraba jiniya ta tashe mu. Motocin da suka shigo layinmu, man da suka ƙona daga titi zuwa tsibin duwatsu ya isa ya sallami layin gidan man da na kwana biyu ina bi. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru da bayansu ga ramin. Mai Girma ya sauko, ya dubi tsibin nan fes, launi ɗaya, ba ƙura ba kashin ƙadangare, ya karɓi makirfo ya sanar wa duniya cewa a makon nan aka kawo mana sabbin duwatsu, waɗanda suka fi na da inganci nesa ba kusa ba, kuma da su za a shiga zango na biyu. Aka tafa. Ni ma na tafa, har na fi kowa, don wannan ne karo na farko da aka yaba aikin hannuna a bainar jama'a.

Daga nan sai hannun nasa ya fara ƙaiƙayi. Mutum ne da ba ya iya ganin dutse da kyamara a wuri ɗaya ya haƙura. Ya ce, "A ba ni dutse." Jami'ai suka rikice, ni ne kuma na fi kusa da tsibin, kuma duwatsuna ko a duhu na san su da tafin hannu. Na zaɓo masa wani mai ɗan doro, na miƙa da ladabi. Ya durƙusa a bakin katako, inda mai hoto ya ce haske ya fi kyau, ya aza. Mai hoton ya leƙa na'urarsa ya ce dutse ɗaya bai cika hoto ba. Mai Girma ya miƙe ya buɗe hannuwa: "Aikin nan na al'umma ne! Kowa ya ɗauki dutse ya aza a bayan nawa!"

Jama'a, ban taɓa ganin mutanen layinmu sun yi wa hukuma biyayya da irin wannan sauri ba. Mata da maza, mai shago da mai wanki, kowa ya rungumo. Uwargida ta tsaya a bakin rami tana nuni da hannu kamar mai ba motoci hanya: wannan nan, wancan can, manyan a bakin katako. Mai Farin Takalmi ma ya ɗauko nasa yana haki, ya aza inda ta nuna masa. Kafin Mai Girma ya gama goge hannu, kowane dutse ya koma mazauninsa na da, sanye da rigar hukuma.

Da la'asar hadari ya haɗo, kuma shi dai da ya yi alkawari ya cika. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon toka-tokan nan mai nuna ci gaba yana saɓulewa yana gangarawa cikin rami. A iya sanina shi ne kaya na farko da magudanar ta ɗauka a hukumance. Inda ruwan ya yi ha'inci ya bar ɓawo, maƙwabta suka taimaka masa da farce.

Ranar Alhamis da safe 'yar Baba ta iso da mai sayen inji, wani gajere riƙe da sifana, yana ta hange-hangen rumfar kamar ta riga ta zama tasa. Baba ya fito a hankali, uwargida na gefensa da robarta. Ya ɗaga kai, ya tsaya.

"Ɗan boko!"

"Na'am, Baba."

"Mummunan ya tashi!"

Ya janye sandarsa daga hannun uwargida, ya bi kifi, ya bi ƙwaro, ya wuce jirgin da ni har gobe zakara nake ce masa, ya hau katako ya sauka a ƙetare ba tare da ya waiwayo ba. 'Yar ta naɗe hannu a ƙirji tana kallo. Ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ka dai san ban janye maganata ba!" Injin ya yi tari, ya kama. Baba ya leƙo daga rumfa ya nuna kunnensa: "Ba na jin ki, 'yar nan, ina aiki!" Daga ƙarshe ta juya ta ce wa mai sifana ya je tukuna, za ta neme shi. Da za ta wuce ta gabana ta ce, "Kawu, a ƙara wa na bakin katakon nan ja." Na ce an gama.

Dutsen da Mai Girma ya aza da hannunsa kuwa, kunkuru ne. Kore shar, wuya a miƙe, yana fuskantar ƙarshen layi, inda aikin zai kai wata rana.

Da azahar Mai Farin Takalmi ya dawo, takalmin ya koma ruwan ƙasa. Ya tsaya a bakin rami baki buɗe.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ikon Allah, ranka ya daɗe. Ba samfefa, ba banish, yadda ka ce."

"A mayar da su tsibi yanzun nan!"

"To. Da wanne zan fara? Da wanda Mai Girma ya aza da hannunsa mai albarka a gaban kyamara, ko da naka?"

Ya dubi kunkuru, kunkuru ya dube shi. Na ga ilimin aiki yana dawo masa a hankali, daga wuya zuwa goshi. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ai tun da an aza su, sun zama harsashi. Harsashi ba na sashenmu ba ne." Ya shiga mota.

Ramin dai yana nan, kada wani ya ɗauka an rufe shi. Injin Baba ma yana nan, yana hana ni barcin rana kamar yadda ya saba. Masu tambayata ta waya wane fenti za su saya, ku sayi mai arahar, ku shimfiɗa fari tukuna, kuma kada ku yi rowar banish, sai fa idan hukuma ce ta ba ku aikin.

Dutsen da ya faɗi jarrabawa kuwa yana kan teburina, ban sake shi ba har yanzu. Kullum na dube shi sai in ga kamar dutse ne. Amma ni ba jami'i ba ne.